Bashin lissafin da na biya kafin digiri na biyu

Malamin jami'ar da na je gani bai ko buɗe fayil ɗin da na ɗauko tun daga Sakkwato ba. Sammako na yi na shiga mota, muka bi ta Gusau da Funtuwa, muka sauka Zariya da la'asar sakaliya, washegari na same shi a ofis. A cikin fayil ɗin akwai digirina na injiniyan lantarki, da takardar bautar ƙasa, da wasiƙar shaidar cewa na shekara 2 ina haɗa wa mutane sola da inbata. Na gaishe shi, na ce ina son yin digiri na biyu a kwantirol, wato ilimin da ke sa na'ura ta riƙe kanta inda ake so ba sai an tsaya a kanta ba. Ya ture fayil gefe, ya miƙo min biro da farar takarda.

"Rubuta min gwajin Kalman na sarrafuwa."

Wannan kam na haddace shi kamar karatun sallah. Na jera B, AB, A²B, har zuwa Aⁿ⁻¹B, na ce idan rankin wannan matiriks, wato yawan alƙiblu masu zaman kansu da ke cikinta, ya kai n, to tsarin yana sarrafuwa, za ka iya kai shi duk halin da kake so. A da B matiriks ne, wato teburan lambobi da ke siffanta tsarin, n kuma yawan abubuwan da ke sauyawa a cikinsa.

"Madalla. To me ya sa ka tsaya a n−1? Wa ya hana ka ƙara ɗaya?"

Na ce ranka ya daɗe, haka yake a littafi. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Sai ya ce in gaya masa mene ne aigenbekta. Hannuna ya kama rubuta ditaminant da kansa. Ya dafa takardar ya ce, "Ban ce ka lissafa ba. Cewa na yi mene ne shi." Fanka tana juyawa a sama, ni kuwa gumi ya jiƙa min baya, ga shi a tsakiyar hunturu ne.

A bayan takardar ya rubuta min abubuwa 4: liniya aljabara, difaranshiyal ikweshan, riyal analisis, da lissafin yiwuwa. A ƙasa ya ƙara kwamfileks analisis da ƙaramin rubutu. Ya ce fom ba ya gudu, in je in dawo baɗi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Na dawo gida da fushi, domin ni a ganina na san lissafi. Na ci kwasa-kwasan lissafin injiniya da maki mai kyau. Teburin Laplace yana kaina, na iya jera teburin Routh, na iya zana rut lokas da taswirar Bode ba tare da kwamfuta ba. Abin da ban lura ba shi ne, duk waɗannan hanyoyin aiki ne: a ba ka tambaya, ka bi mataki-mataki, amsa ta fito. Ba wanda ya taɓa cewa in kafa hujjar komai, kuma gaskiya mu ɗalibai ma ba mu nema ba. Abin da zai fito a jarrabawa kawai muke farauta.

Fushin ya sauka ne a shagon kawuna, mai gyaran janareta da injin ban ruwa a Runjin Sambo. Na iske shi tsugune gaban wani ƙaramin janareta mai fetur, yana ta wuu-wuu, ya ɗaga murya ya sauke, ƙwan fitilar gwaji yana haske yana dushewa. Irin wannan inji sai ya yi juyi 3000 a minti kafin wuta ta fito daidai da bugu 50 a daƙiƙa, wanda shi ne na Najeriya. Abin da ke riƙe shi a wurin wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi da sifirin, wanda makanikai ke kira gwamna: inji ya yi sanyi ya buɗe masa mai, ya yi gudu ya rage.

"Ji shi, numfashi shikai," in ji Kawu. Ya wanke kafireta tukuna, abin bai daina ba. Sai ya cire ƙugiyar sifirin ya mayar da ita wani rami na kusa, inji ya natsu nan take. Na ce, "Kawu, me kuka canza?" Ya ce, "Wanga gwamna zahin rai garai. Kahin mai ya kai ga inji ya riga ya buɗe hiye da ƙima, sai ya dawo ya ruhe hiye da ƙima. Na rage mai hushi."

A wannan daren na gano cewa matsalar da Kawu ya warware da filaya ita ce ta haifi fannin gaba ɗaya. Gwamnan da James Watt ya sa wa injin tururi a 1788 shi ma yakan yi wannan numfashi, kuma a 1868 James Clerk Maxwell ya rubuta takarda a kai, ya mayar da tambayar ta koma ta lissafi: ina saiwoyin wani folinomiyal suke, hagu da sifili, inda inji ke natsuwa, ko dama? Routh ya kawo hanyar ganewa a 1877, Hurwitz ya kawo tasa a 1895. Na shekara ina jera teburin Routh ban san amsar tambayar Kawu yake bayarwa ba. Washegari na sayi littafin rubutu mai kauri guda 3.

Liniya aljabara na fara da shi, kuma shi ya ci kusan rabin lokacin. Duk mai niyyar wannan karatu, in ya tambaye ni, nan zan ce ya zuba ƙarfinsa. Na riƙa sauke laccocin Gilbert Strang na jami'ar MIT da datar dare mai arha, in kalla bayan sallar asuba kafin in fita aiki. Makonni 3 na farko asara na yi, domin kallo kawai nake yi ina gyaɗa kai. Ranar da na rufe waya na ɗauki tambaya ɗaya, sai na ga kallon dambe ba ya koya wa mutum naushi. Daga nan na kafa wa kaina doka: lacca ɗaya, tambayoyi aƙalla 10 da biro, kafin in taɓa ta gaba.

A digirin farko matiriks a wurina teburin lambobi ce. Yanzu sai ta zama aiki: ka ba ta bekta, wato kibiya mai tsawo da alƙibla, ta juya shi, ta miƙe shi ko ta tauye shi. Tana da wuraren da take iya kai ka, tana kuma da abubuwan da take haɗiyewa su zama sifili. Aigenbekta kuwa, wanda ya sa ni gumi a Zariya, ashe alƙibla ce da matiriks ba ta iya karkatar da ita, sai dai ta ƙara mata tsawo ko ta rage, kuma adadin ƙarin ko ragin shi ne aigenbaliyu. Jimla ɗaya ke nan, amma na shekara 5 a jami'a ban iya faɗinta ba.

Amsar n−1 ta zo min a watan Maris, zafi ya fara kankama, ina kwance a tabarma a tsakar gida da fitilar waya. Ka'idar Cayley da Hamilton ta ce kowace matiriks mai layi n da ginshiƙi n tana cika ikweshan ɗin siffarta, ma'ana Aⁿ ba sabon abu ba ne, haɗin A ɗin da suka gabace shi ne. To AⁿB ba zai kai ka wata alƙiblar da ba ka riga ka taka ba. Ko da ka ci gaba da jerawa har gobe, kewaya gida ɗaya kake yi. Na tashi zaune, har mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko kunama ce.

Da safe na gwada abin a kan aikina. Ka ɗauki tankin ruwa 2 iri ɗaya sak, famfon sola ɗaya yana zuba musu daidai wa daida, kowanne yana zubar da ruwa ta bututu iri ɗaya. Jimillar ruwan kana iya ɗaga ta ko sauke ta yadda ka ga dama. Amma bambancin da ke tsakanin tankunan ba ruwansa da famfonka, ko ka kunna ko ka kashe. Da na rubuta matiriks ɗin, AB ya fito a kan layi ɗaya da B, ranki 1 maimakon 2. Abin da "ba ya sarrafuwa" ke nufi ke nan, ga shi a kan hasumiyar ƙarfe a bayan gidan mutane.

Sauran abin da na tsaya a kai a wannan fanni: matiriks mai daidaiton ɓangare biyu wadda duk aigenbaliyunta suka haura sifili, ma'aunin tsawon bekta da na matiriks, hanyar mafi ƙarancin kuskure, da rarrabawar SVD. Siffar Jordan na koye ta don a fahimci ka'ida, ba don ana dogara da ita a kwamfuta ba. Wani misali guda ya kashe min girman kai. Na sa matiriks mai −1 da 100 a layin sama, 0 da −2 a ƙasa, a cikin shirin kwamfuta na Octave, wanda kyauta ne kuma yana karɓar yawancin umarnin MATLAB. Aigenbaliyu −1 da −2, duk a hagu, tsari mai natsuwa. Na fara da 0 da 1. Kafin ya sauka sifili sai da lamba ta farko ta kumbura ta kai 25. A takarda lafiya lau, amma in wutar inbata ce, ta riga ta ƙona kayan mutane kafin ta natsu.

Difaranshiyal ikweshan, wato lissafin yadda abu ke sauyawa da lokaci, bai wahalar da ni sosai ba tunda ginshiƙin ya kafu. Abin da aka koya mana a da dabarun warwarewa ne, kowane iri da makullinsa. Na digiri na biyu kuma yana tambayar halin amsar ne ko da ba ka iya rubuta ta ba. Siffar x′ = Ax + Bu, da ma'anar e mai ƙarfin At, da zanen hanyoyin da tsari ke bi, da yadda ake miƙe tsari mai lanƙwasa a kusa da wurin zamansa: makonni 6 suka ishe ni.

Sai na ci karo da tambayar da ta tura ni wurin Malam. Littafin da nake bi ya ce kafin a yi maganar amsa sai an tabbatar akwai ta, kuma guda ɗaya ce. Na ɗauka tsabar son wahala ne irin na masu lissafi. Ashe x′ = x², in ka fara da 1, amsarsa 1/(1−t) ce, tana tashi sama ba iyaka kafin t ya kai 1. Tankin ruwa ma ya ba ni kunya. Tun ƙarni na 17 Torricelli ya nuna cewa gudun ruwan da ke fita ta rami yana tafiya ne da saiwar tsayin ruwan, don haka h′ = −k√h. Wannan tanki yana ƙarewa ƙarƙaf a ƙayyadadden lokaci, ya zauna a sifili. In ka iske shi wayam, ba lissafin da zai gaya maka ɗazu ya ƙare ko tun jiya. Sharaɗin Lipschitz, wanda shi ke lamunce amsa ɗaya tilo, ya karye a daidai gindin tankin. Na karanta hujjar ka'idar sau 4, ban fahimci ko layi 3 a jere ba.

Malam tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, abokin marigayi mahaifina, yana zaune a Mabera. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a zaure, wasu na zuwa da tambayar rabon gado, yara na zuwa da aikin makaranta. Na je na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa takardar Zariya. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Injiniya, kai da ka saba da amsa, za ka iya zama da tambaya?" Na ce in sha Allahu. Ya ce Litinin da Laraba da Asabar, in zo da biro ja.

Ranar farko ya ce in tara 1, da rabi, da sulusi, da rubu'i, haka har abada, in gaya masa ko jimillar tana da iyaka. Na koma gida na sa kwamfuta ta tara guda miliyan 1, ta ba ni 14.39. Na dawo da ƙarfin gwiwa na ce Allah gafarta Malam, tana tsayawa, ba za ta wuce 15 ko 16 ba. Ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasan siminti: sulusi da rubu'i sun fi rabi; guda 4 na gaba sun fi rabi; guda 8 na gaba sun fi rabi. "Rabi nawa za ka iya tarawa haka?" Na ce ba iyaka. Ya ce, "To kwamfutarka ta yi shaidar zur." Hujjar ta Nicole Oresme ce, tun ƙarni na 14, layi 3 kacal, ta kayar da lissafi miliyan.

Yadda ya koya min efsilon, wato 'yar tazarar da ake auna kusanci da ita, ba zan manta ba. Ya ce ciniki ne. "Kai ka ce 1/n tana tafiya sifili. Ni ban yarda ba. Zan ba ka tazara, kome ƙanƙantarta, kai kuma ka nuna min wurin da daga nan gaba ba ta sake fita daga tazarar. Na ce 1 cikin 100." Na ce daga 101. "Na ce 1 cikin miliyan." Na ba shi. "To ba zan kwana ina tayi ba. Ba ni ƙa'idar da za ta amsa duk tayin da zan yi." Nan na rubuta hujjata ta farko a duniya, ina da shekara 27. Ya karɓi biro ja ya kewaye kalmar "a bayyane yake" da na sa a tsakiya, ya ce, "Mai da'awa shi ka kawo shaida. In a bayyane yake, rubuta shi, ai ba ya cin takarda."

Wata 3 muka yi a haka muna karatun riyal analisis, damina ta sauka, wani lokacin ruwa ya tare ni a zauren har isha'i. Jerin lambobi da inda suke dosa, mafi ƙanƙantar iyakar sama, ci gaba marar yankewa da bambancinsa da na bai-ɗaya, saiti rufaffe mai iyaka da dalilin da ya sa aiki marar yankewa dole ya kai ƙololuwarsa a cikinsa, sai ka'idar taswira mai tsukewa, wadda da ita ake kafa hujjar da ta gagare ni. Abin da ya fi ba ni wuya ba ka'idojin ba ne, tsarin magana ne: bambancin "ga kowane" da "akwai wani", da wanda ya riga wani a cikin jimla. Ka musanya su, ma'ana ta kife. Malam ya ce wannan ai manɗiƙi ne, malaman zaure na garin nan sun daɗe suna karantar da shi, mu ne 'yan boko muka ɗauka daga Turai ya zo. Shafukana na makonnin farko ja ya fi baƙi yawa. Akwai ranar da na yi niyyar dainawa, na ce ni injiniya ne, ina ruwana da wannan. Kunyar Malam ce kawai ta mayar da ni ranar Laraba.

Ladan ya fito ranar da na buɗe babin Lyapunov, ɗan Rasha da ya rubuta kundinsa a 1892. Ma'anar natsuwa da ya bayar ashe cinikin Malam ce sak: ka ba ni tazarar da ba ka so tsarin ya wuce, in ba ka tazarar da in ya fara a cikinta ba zai taɓa wucewa ba. Dabararsa kuma ita ce ta ƙwallon goruba a cikin ƙwarya. Ba sai ka bi sawun ƙwallon ba. In ka nuna cewa akwai wani awo mai kama da ƙarfi, wanda sifili ne a gindi kaɗai, kuma kullum raguwa yake yi, to ƙwallon gindi za shi. A tsarin layi, neman wannan ƙwarya yana komawa warware AᵀP + PA = −Q, sai ga liniya aljabara ya sake dawowa. Na karanta babin a zama 2. Da na gaya wa Malam cewa abokiyar sarrafuwa sunanta ganuwa, wato ko za ka iya gane halin cikin tsari daga abin da kake aunawa a waje, sai ya yi dariya ya ce mu Sakkwatawa ganuwar da muka sani hana gani take yi.

Kwamfileks analisis makonni 3 na ba shi, kuma ban yi nadama ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne: aiki mai santsi a filin kwamfileks, fol da ziro, ragowar Cauchy, da ka'idarsa ta ƙirga kewaye. Da ita na gane dalilin da ya sa a gwajin Nyquist na 1932 ake ƙirga sau nawa zane ya kewaye −1. A da tsafi na ɗauke shi.

Kuskurena babba a tsakiyar nan ne. Na karanta a intanet wasu na cewa ba mai fahimtar kwantirol sai ya san meja tiyori da fankshinal analisis, na bar jerin da aka ba ni na afka musu. Makonni 5 na ɓata, garin neman gira na kusa rasa ido. Ba ƙarya suka yi ba: mai binciken digiri na uku a kan tsari mai hayaniya, ko tsarin da zafi ke yaɗuwa a cikinsa, ko hanyar H-infiniti, zai buƙace su, kamar yadda mai bin tsari mai lanƙwasa da zurfi zai buƙaci jiyometiri. Amma mai shirin shiga digiri na biyu, a ganina, ya bar su sai aikin bincikensa ya kira su. Haka na yi wa lissafin zaɓen mafi kyau: na tsaya a kan dabarar Lagrange da ma'anar kwanbeks, na leƙa ikweshan ɗin Riccati, na bar Pontryagin da Bellman sai a aji.

Lissafin yiwuwa batir ne ya koya min shi. Kowane mai sola a garin nan tambayarsa ɗaya: saura nawa a batir? Ba mai iya gani. Kana iya ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, amma ɗan kuskuren awo yana taruwa har lissafin ya ɓace. Kana iya duba boltej, amma yana rawa da nauyin kaya da zafin ɗaki, kuma zafin Afrilu a Sakkwato, da ke haura digiri 40, ba ya raga wa batir. Shaidu 2 ke nan, kowanne da irin ƙaryarsa. Matatar Kalman, wadda Rudolf Kalman haifaffen Hangari ya wallafa a 1960, kuma aka yi amfani da ita wajen jagorar kumbon Apollo zuwa wata, aikinta shi ne ta auna gaskiyar kowane shaida ta ba shi rabon da ya dace, ta sake aunawa a kowane mataki. Don fahimtarta na koyi rarrabuwar Gauss, da matiriks ɗin kobariyans, da tsammani bisa sharaɗi. Da na kai ƙarshe sai na tarar hanyar mafi ƙarancin kuskure ce ta sake shiga, sanye da wata riga. Na rubuta ta a Python cikin layi kamar 30, na gwada da bayanan da na kwasa daga inbatar gidanmu.

Bayan wata 10 na sake shiga motar Zariya. Wannan karon littattafan rubutuna 3 na ɗauka, fayil yana ƙasan jaka. Malamin ya gane ni, ya miƙo takarda ba tare da dogon gaisuwa ba. Na yi masa bayanin n−1, na ƙara da tankuna 2. Ya buɗe littafina na biyu, ya daɗe yana kallon jan biron Malam, ya tambayi wane ne, na gaya masa.

Sai ya ce, "To ga wata. Matiriks A tana sauyawa da lokaci. A kowane lokaci ka duba, aigenbaliyunta duk suna hagu. Tsarin yana da natsuwa?"

Bakina ya buɗe zai ce eh, na kama shi. Na tuna lambar da ta kumbura ta kai 25. Na ce ranka ya daɗe, zuciyata ta ce eh, amma ba ni da hujja, kuma ina zargin akwai misalin da zai karya ta. Ya ce akwai, in nemo shi da kaina kafin a fara karatu. Ya jawo fayil ɗin ya buɗe, ya gaya min ranar rufe fom da takardun da zan haɗa.

A mota na cika shafi 4 ina juya matiriks, hanya tana girgiza min biro, har muka wuce Talatar Mafara ban samu ba. Ranar Asabar bayan la'asar na kai wa Malam tambayar. Ya sa tabarau, ya karanta sau 2, ya ɗauki alli ya fara zana wani abu mai juyawa a siminti, ya goge da tafin hannu, ya sake zanawa. Wani dattijo da ya zo da maganar gado ya yi gyaran murya. Malam ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

"Bar min ita nan, Injiniya. Kai ma ka tahi ka gwada. Litinin mu haɗa."